Hindu da Tsumman Jikanta

A unguwarmu nan Ƙaura Namoda, idan aka haifi ɗa namiji, kowa ya san Hindu za ta zo barka, kuma kowa ya san ba za ta tsaya ga barka ba. Za ta karɓi jinjirin, ta kwance shi, ta zauna tana jira sai ta ga ya yi fitsari da idonta. Idan ya yi tsiri ya jiƙa mata zane, ta miƙa shi ta ce Allah ya raya. Idan ɗiga kawai yake yi, mai jego ba za ta sha ruwa ba sai an kai shi asibiti. Wasu matan suna tsarguwa da ita, har akwai wadda ta ce ko tsohuwar nan wani abu take nema a jikin jarirai. Da na ji haka dariya na yi har da hawaye, don na san inda abin ya samo asali, kuma na san wa ya fara irin wannan zargi.

Ni Asiya, taubashiyarta ce. Ubanta da uwata ciki ɗaya suka fito, saboda haka tun muna yara aikina ke nan in tsokane ta, ita kuma ta rama. A Moriki aka haife ta, bayan kasuwar shanu. Ubanta dillali ne, kuma a wurinsa ta ga ba a yarda da sa sai an buɗe bakinsa an duba haƙora, an ɗaga wutsiya, an sa shi ya taka. Hindu ta ɗauki wannan hali ta shigo da shi cikin gida. Idan ka ba ta goro sai ta juya bayansa kafin ta yi godiya. Amma a wancan lokaci taka-tsantsan ne kawai, bai zama ciwo ba.

An yi mata aure a Kurya Madaro da Malam Macciɗo, manomin gero da dawa, mutum mai sanyi wanda ko akuya ba ya yi wa tsawa. Ita kuma tana yin daddawa, irin wadda ake aiko saye daga nesa. Suna cikin rufin asiri har shekarar da wani mai liƙin robobi ya shigo garin. Hindu da kanta ta dama masa fura, ya zauna a ƙofar gida yana hira, yana yaba shanun huɗar Malam, yana tambayar na wane ne waɗancan. Ba a jima ba 'yan bindiga suka shigo da rana tsaka, suka nufi gidajen masu shanu kai tsaye kamar an rubuta musu a hannu. Har yau babu wanda ya tabbatar mutumin nan ne ya nuna. Hindu dai ta tabbatar wa kanta. Malam bai sake zama daidai ba, daminar da ta biyo baya ya rasu, ita kuma ta ɗaure tukwanenta ta taho wurina, maigidana ya ba ta ɗaki.

Tun daga nan zargi ya zama abincinta. Mai tallar gishiri ɗan leƙen asiri ne. Mai gyaran wuta ƙirga ɗakuna yake yi. Idan maƙwabciya ta tambaye ta ya kasuwa, sai ta ce kasuwa ta mutu, ko da tukunyar ta ƙare tun hantsi. Ina zaginta a kan wannan hali kullum, amma a raina tausayinta nake ji, don na san furar da ta dama da hannunta ce take tsaya mata a wuya.

Tana da 'ya'ya maza biyu da suke neman kuɗi a Gusau, sai Rashida, 'yar farinta. Kun dai san kunyar ɗan fari, to ta Hindu ta wuce ta kowa. Tun da ta haifi yarinyar nan ban taɓa jin sunanta a bakinta ba. “Waccan” take cewa, ko “mutuniyarki”. Ni aka ba yaye, a hannuna ta girma, kuma ko da muka dawo gida ɗaya, idan Hindu tana son ta ce mata ta sa rigar sanyi, ni za ta gaya wa in gaya mata, alhali yarinyar tana zaune a gabanmu. Ba rashin so ba ne. Na sha kama ta tana tsame nama daga kwanonta tana zubawa a na Rashida idan ta ga babu mai kallo.

Rashida ta auri Yazid, wani mai gyaran injin ban ruwa a Shinkafi. Yaro ne mai kirki, amma kunyarsa har haushi take ba ni. Idan ya zo gaisuwa, tun daga zaure yake cire takalmi ya tsuguna, surukarsa tana amsawa daga bayan labule, kowa yana kallon ƙasa kamar sun yar da allura. Shekara ba ta cika ba Rashida ta sami ciki, da ya tsufa aka kawo ta gida haihuwa kamar yadda ake yi wa na fari.

Kwana kaɗan da zuwanta, muna tsince shinkafa ni da ita, ta sunkuyar da kai ta gaya mini abin da ke cinta. Ta je awo a Shinkafi an yi mata hoton ciki, mai dubawar ya ce ƙodojin jinjirin duka biyu sun kumbura, mafitsararsa kuma a cike take ba ta saki. Ya ce da alama namiji ne, kuma a wasu jarirai maza akan sami wata 'yar fata da take tare hanyar fitsari, fitsarin ya riƙa komawa baya yana danne ƙoda. Ya ce da an haihu a kai shi a sake dubawa, kada a jira, a kuma sa ido kan yadda yake fitsari, don idan aka bari ƙodar tana iya lalacewa, kuma idan ta lalace ba ta dawowa. Yazid ya sani. Amma Yazid ba zai iya kallon surukarsa ya yi maganar ciki ba, Rashida kuma ko kalmar ciki ba za ta iya furtawa a gaban uwarta ba. Sai ni.

Na sami Hindu tana fifita wutar kalwa na gaya mata komai tiryan-tiryan. Ta saurare ni har na gama, sannan ta kwashe da dariya.

“Ke Asiya, ƙodar wanda bai zo duniya ba anka gani? Da wane ido? Ki nemo wata, wagga ba ta kama ni ba.”

Na ce mata wallahi ba wasa nake yi ba. Ta ce ai ranar da na ce mata akuyarta ta haifi huɗu ma sai da na yi rantsuwa da kabarin kakanmu. Gaskiya ne, na yi, wasan taubasai ya gaji haka. Ta ƙara da cewa ko da gaske ne an faɗa, mutanen asibiti ai ba sa ganin mai lafiya, kowa ya shiga sai sun samo masa ciwo. Na tashi raina a ɓace. Mutum uku ne muka san halin da yaron nan yake ciki: biyu kunya ta ɗaure musu baki, ni kuma da bakina yake sake ba a ɗaukar maganata da nauyi.

Mun shirya da Rashida cewa a asibiti za ta haihu, daga can sai a duba shi kowa ya huta. Naƙuda ta zo da sauri da tsakar rana, kafin a samo mai Keke Napep ta sauka a ɗakina. Namiji ne, kyakkyawa, mai yawan gashi. Da ungozoma take wanke shi ya ɗan ɗiga fitsari, Hindu ta kalle ni ta ɗaga gira, wato ga ƙodar taki nan. Daga nan aka ɗora tukunyar wankan jego, ta kafa dokar da kowa ya sani: mai jego da ɗanta ba sa taka ƙofar gida sai an yi arba'in.

Abin da ya ɓata komai zuwan Nadiya ne, yayar Yazid. Shi ya roƙe ta ta zo barka ta duba masa yaron. Ta zo da turmin atamfa da sabulu, aka miƙa mata jinjiri, ta kwance tsumman da aka naɗe shi da shi, ta shafa, ta ɗaga shi ga haske. Tun safe yake jikinsa, amma jiƙewar ba ta fi tafin hannu ba. Baiwar Allah, maimakon ta yi magana, sai ta cusa tsumman cikin hijabinta ta fita zaure don ta nuna wa ƙanenta, wanda ya rako ta yana jira a can. Hindu tana bakin murhu, amma idonta yana kanta tun shigowarta.

Tana dawowa, Hindu ta tare ta a tsakar gida da muciya a hannu.

“Mi kinka kai waje cikin hijabinki?”

Nadiya ta rikice, ta fara kame-kame, ta ce ba komai. Wannan “ba komai” shi ya gama mu. Hindu ta sa hannu ta zaro tsumman a gaban mata. A wurinta magana ta ƙare: dangin miji sun saci tsumman fitsarin jinjiri za su kai wa boka, a juya zuciyar yaro da uwarsa a raba su da ita. Nadiya ta yi bayani har da kuka, ni ma na sa baki, amma duk bayanin da aka yi sai ya zama mata ƙarin shaida, tun da ga shi ni da su maganarmu ɗaya. Ta juyo ta tambaye ni ko atamfar da aka kawo tawa ce.

Daga ranar ta kwashe jinjirin ta mayar ɗakinta. Sai lokacin shan nono take kawo shi, ta tsaya a kai har ya gama. Tsummokaransa ita take wankewa da kanta, ta shanya a cikin ɗaki a kan igiyar da ta ɗaura daga ƙusa zuwa taga, ko ni ban isa in taɓa ba. Idan za ta zaga bayi sai ta ja ƙofa ta sa kwaɗo. Maigidana ya gwada yi mata magana, ta ce masa cikin ladabi wannan sha'anin mata ne. Abu ɗaya da likita ya ce a sa wa ido, shi ne abin da ta kulle.

Ranar suna aka sa masa Alamin. Gida ya cika, jinjiri yana yawo daga hannu zuwa hannu, mata suna ta barkwanci, kowa tana cewa bari mu ga wadda angon zai yi wa wanka. Ya zaga su kaf bai jiƙa ko ɗaya ba. Suka yi ta yabo, wai yaro mai tsabta, mai kunya, ya gado ubansa. Hindu tana ta washe baki. Na dubi Rashida can ƙuryar ɗaki, an yi mata lalle an ɗaura mata sabon ɗankwali, ta juya fuska ga bango kamar yadda ake son mai ɗan fari ta yi. Mata suna yaba kunyarta, ni kaɗai na san kuka take yi.

Bayan suna Yazid ya riƙa kira a waya. Rashida takan laɓe bayan tukunyar wanka tana amsawa ƙasa-ƙasa, yana tambayarta ko yaron ya yi fitsari, tana cewa ba ta gani ba, ba a ba ta shi. A ƙasarmu yanzu babu abin da ake tsoro kamar mai raɗa a waya. Hindu ta kama ta sau ɗaya, ta karɓe wayar ta jefa cikin tsohuwar tukunyar daddawa ta rufe da faifai. Da ya ji shiru, Yazid ya biyo motocin kasuwa daga Shinkafi, a wannan hanya da kowa yake shiga da addu'a a baki. Ya tsuguna a zaure, ya yi gaisuwa ta kai gaisuwa, lafiyar gida, lafiyar gajiya, lafiyar masu jego. Can da ƙyar, da murya kamar ta mai jin barci, ya ce wai ko za a ɗan leƙa asibiti da yaron. Daga bayan labule Hindu ta ce in Allah ya kai mu arba'in. Ya ce to. Wai to! Na bi shi waje na wanke shi tas, na ce ɗanka ne ko na maƙwabta. Ya tsaya hawaye na zuba, ya ce Gwaggo ya zan yi, in ɗaga mata murya? Na rasa wanda zan fi jin haushi a cikinsu.

Yaron kuwa ya fara nunawa. Lokacin shan nono nake samun ganinsa. Sai ya kama ya saki, ya murtuke fuska ya yi ja, yana nishi kamar mai ɗaga kaya. Abin da ya sha sai ya dawo da shi. Wuyansa ya fara yin tsawo, amma ƙasan cibiyarsa ya taso ya yi tauri. Hindu ta ga duk wannan, ai ita take gasa masa cibiya safe da yamma. Sai dai fassararta daban: asirin ya fara ci, tun da tsumman ya riga ya taɓa hannunsu. Ta karɓo rubutu, ta turara ɗaki, ta ƙara wa ƙofa sakata. Ranar da na ji jikinsa da zafi, na ce mata Hindu ki ji tsoron Allah. Ta ce tsoronsa take ji, shi ya sa ba ta ba ni yaron.

Da rubutu bai yi ba, sai zarginta ya koma kan nono. Wata safiya, bayan an gama wa Rashida wanka da ganye, maƙwabta biyu suna zaune sun shigo gaisuwa, Hindu ta fito da Alamin a cinya da ɗan ƙoƙo a hannu. Ta ce mini in gaya wa mutuniyata ta tatso nono a ciki, za a jefa tururuwa a gani. Idan tururuwar ta mutu, nonon ya ɓaci, za a cire yaro daga gare shi a koma ba shi na akuya da jiƙo. Ban kai ga buɗe baki ba na ga Rashida ta tashi daga tabarma.

Yarinyar da ba ta taɓa ɗaukar ɗanta a gaban mutane ba, ba ta taɓa haɗa ido da uwarta ba, ta tako har gabanta ta sa hannu biyu ta ɗauke shi daga cinyarta. Ta dubi uwarta ido cikin ido ta ce:

“Inna, ɗana na, kuma ba shi da lahiya. Ba nono na ba, ba asiri na ba. Hitsari na ba ya hita. Ni anka gaya ma, da kunnena nij ji. In kin hana in kai shi, mutuwa za ya yi a ɗakinki.”

Maƙwabtan nan suka sunkuyar da kai, ɗaya ta ja mayafi ta rufe baki. Na jira Hindu ta fashe. Ba ta fashe ba. Ta daɗe tana kallon 'yarta, kamar yau ta fara ganin tsawonta. Ni zan iya yi mata ƙarya don wasa, dangin miji za su iya yi mata don wata manufa, amma babu abin da zai sa wannan yarinya ta yar da kunyarta a gaban baƙi in ba abin da ya fi kunyar ba.

Duk da haka Hindu ba ta yarda da maganar baki. Ta ce a ɗauko mata farin kwanon sha. Ta shimfiɗa zane a inuwa, ta karɓi yaron ta kwance shi tsirara, ta tara kwanon, ta zauna. Mu ma muka zauna. Rana ta ɗaga, kunun kanwa ya huce a kofi. Can Alamin ya takure, ya yi ja, ya fara nishin nan. Ɗigo ya faɗo a kwano, aka jima wani ya biyo. Ta ɗora yatsu biyu a ƙasan cibiyarsa, wurin yana nan da tauri kamar ɗanyar gwaiba bayan ya gama. Matar nan ta raini maza biyu, ta san yadda suke tsula wa mai wanka fitsari a fuska. Tsummokaran nan kuma ita take wanke su kullum, ta san ba sa jiƙa. Hankalinta ne ya tafi ga wanda zai sace su, ba ta taɓa tsayawa ta tambayi abin da ke cikinsu ba.

Ta tashi ta buɗe tukunyar daddawa ta ciro wayar ta miƙo mini tana wari. Ta ce in kira shi, wato Yazid. Ta shiga ɗaki ta fito da mayafi a kanta da wani a hannu, ta ajiye shi kusa da Rashida. Arba'in ko rabi ba a yi ba.

A asibitin nan Ƙaura suka sa masa wata siririyar roba ta gaba. Fitsarin da ya fito ya ba ni tsoro, ban san cikin jinjiri zai iya riƙe wannan ba, ga shi ya yi kauri ya gurɓace. Nan take cikin ya saɓe, yaron ya yi ajiyar zuciya ya yi barci. Suka ce ciwon ya riga ya sa masa zazzaɓi, suka fara allurai, suka tura mu Gusau, daga can aka ce aikin sai Sakkwato. Yazid ya iske mu a hanya. Hindu ba ta bar halinta a gida ba: kowace allura sai ta tambayi ta mece ce, kowace ma'aikaciya sai ta bi hannunta da ido, har wata ta ce Mama ko ke za ki yi masa.

Likitar da ta duba shi a Sakkwato mace ce mai haƙuri. Da ta ga tsohuwa tana leƙe, sai ta juyo mata da allon na'urar, ta nuna mata wasu baƙaƙen aljihuna, ta ce ruwan da ya taru ke nan. Ta ce za su shiga da wani ɗan ƙarfe mai fitila ta hanyar fitsarin su yanke fatar da ta tare, ba sai an tsaga ciki ba. Ƙodar dama za ta farfaɗo in Allah ya so. Ta hagu kuwa ta yi siriri ƙwarai, kada mu sa rai da ita sosai. Yaron zai rayu da kulawa, amma zai riƙa zuwa ana duba shi har girmansa, kuma duk zazzaɓin da ya kama shi ba na wasa ba ne.

Hindu ta gyara mayafi ta tambaya da bakinta.

“Likita, da an kawo shi randa anka haihe shi hwa?”

Likitar ta juyo ta dube ta. Ta ce wata ɓarnar tun a ciki ta fara, babu mai iya hana ta, saura kuma Allah ne ya san iyakarsa, ta dai gode da aka kawo shi yanzu. Muna fita baranda Hindu ta ce mini, “Lallashina takai.” Matar da ba ta yarda da kowa ba, ranar ko sassaucin da aka miƙo mata ba ta yarda da shi ba. Ta zauna a kan siminti ta juya baya. Na zauna kusa da ita, kuma tun da muke, ranar ce na rasa abin da zan tsokane ta da shi.

An yi aikin lafiya, aka riƙe mu har allurai suka ƙare aka cire robar. Nadiya ta zo dubiya da kwanon abinci. Hindu ba ta iya ba da haƙuri da baki ba, ta dai ɗauki yaron ta ɗora mata a cinya, ta kwance tsumman da kanta ta miƙa mata ta ce ta taɓa ta ji. A jiƙe yake sharkaf.

Washegarin dawowarmu Ƙaura, da hantsi, Hindu ta haɗa ruwan ɗumi a tsakar gida ta ɗora Alamin a ƙafafunta za ta yi masa wanka. Ina gefe ina tankaɗe, Rashida tana ɗaki. Ruwa yana taɓa shi ya miƙe ƙafa, sai ga fitsari ya yi sama ya lanƙwasa ya sauka a ƙirjin kakarsa, ya gangara har cikin zanenta. Ba ta kauce ba, ba ta goge ba. Ta bi shi da ido har ya tsaya, ta taɓa ƙasan cibiyar ta ji laushi. Na buɗe baki zan ce ango ya biya sadaki, na ga fuskarta na fasa. Na ɗauka za ta ce in kira mutuniyata. Sai ta ɗaga kai ta dubi ƙofar ɗakin.

“Rashida,” in ji ta. “Taho ki ga ɗanki.”